Sabunta Babbar Manhajar Uwar Garke Ba Tare da Asarar Bayanai Ba

Uwar garke, wadda ma'aikatan kwamfuta suka fi kira saba, ita ce kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke komawa wurinta su ajiye bayanai ko su ɗauko. Ita ke riƙe da rajistar marasa lafiya a asibiti, da sakamakon ɗalibai a makaranta, da lissafin albashi a sakatariya, da asusun masu ajiya a ƙaramin banki. Babbar manhaja kuwa ita ce wadda ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya, sauran manhajoji duk a kanta suke zaune. Waɗanda aka fi samu a uwayen garke su ne Windows Server na kamfanin Microsoft, da dangin Linux irin su Ubuntu, Debian da Red Hat. Sabuntawa na nufin sauke tsohon zubi na wannan manhaja a ɗora wanda ya gaje shi, bayanan da aka yi shekara da shekaru ana tarawa kuma su tsallake cif, a iya karanta su kamar da.

Umarnin da ke yin sabuntawar bai wuce layi ɗaya ko biyu ba, kuma yakan kammala cikin 'yan sa'o'i. Nauyin aikin yana ga abin da aka tanada kafin a ba da umarnin, da binciken da aka yi bayan ya gama. Inda aka tafka asara, in aka bi diddigi, galibi za a tarar an shiga aikin ne babu wata hanyar komawa baya da aka riga aka gwada.

Wa'adin manhaja

Kowane zubi yana da ranar da masu shi za su daina kula da shi. Kafin ranar, duk sa'ad da aka gano wata kafa da ɓarayin intanet za su iya bi, sai a fitar da faci a toshe ta. Bayan ranar, kafar da aka gano haka za ta zauna a buɗe. Na'urar dai ba ta tsayawa, da safe ta tashi ta yi aikinta kamar kullum, kuma wannan ne ke sa shugabannin ofis ganin babu dalilin kashe kuɗi a kanta.

Microsoft ya daina kula da Windows Server 2003 ranar 14 ga Yuli 2015, da zubin 2008 ranar 14 ga Janairu 2020, da zubin 2012 ranar 10 ga Oktoba 2023. Na 2016 kuwa wa'adinsa Janairu 2027 ne. Ubuntu na fitar da zubi mai dogon zango duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, ya kula da shi kyauta na shekara biyar, don haka wa'adin 18.04 ya ƙare a 2023, na 20.04 kuma a 2025. Wanda ya fi girgiza mutane shi ne na CentOS, manhajar kyauta da jami'o'i da ƙananan kamfanoni suka dogara da ita. A Disamba 2020 kamfanin Red Hat ya sanar da cewa CentOS 8, wanda aka sa ran zai kai 2029, zai tsaya a ƙarshen 2021. CentOS 7 ya bi shi ranar 30 ga Yuni 2024. Daga wannan rikici ne Rocky Linux da AlmaLinux suka fito don su maye gurbinsa.

Abin da ke samun na'urar da ba a yi wa faci ba ya bayyana a fili ranar 12 ga Mayu 2017, lokacin da WannaCry, manhajar da ke kulle bayanai ta nemi kuɗin fansa, ta bazu a ƙasashe sama da 150. Microsoft ya riga ya fitar da facin tun 14 ga Maris, amma wurare da yawa ba su ɗora shi ba, tsofaffin zubi irin su Server 2003 kuwa babu nasu facin sam, sai da kamfanin ya fitar da shi cikin gaggawa bayan ɓarna ta auku. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita da aka tsara har kusan 19,000. A Najeriya yanzu akwai kuma nauyin shari'a: Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su, ta lissafa ɓacewarsu ko lalacewarsu bisa kuskure cikin abin da ake kira keta tsaro, ta kuma wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'a 72 idan abin na iya cutar da masu bayanan.

Yanayin Birnin Gwari

Mu ɗauki misalin Kazage, mazaɓa a ƙaramar hukumar Birnin Gwari, a yammacin jihar Kaduna, yankin da dajin Kamuku yake. Bayanan mutanen irin wannan wuri akasari a takarda suke farawa. Ma'aikacin asibitin karkara yana cika rajistar rigakafi da ta awon ciki da hannu, a ƙarshen wata a tattara alƙaluman a kai ƙaramar hukuma, daga nan a shigar da su manhajar DHIS2, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo ta Norway kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke amfani da ita. Wannan manhaja a kan rumbun bayanai na PostgreSQL take zaune, galibi bisa Ubuntu. Ke nan mutumin garin Damari ko Kuyello a wannan yanki da bai taɓa ganin uwar garke ba yana da abin da zai rasa idan aka yi sakaci da ita. A yankin da rashin tsaro ya sha tayar da garuruwa, rajistar takarda kan salwanta a gudun hijira, sai kwafin da ke cikin kwamfuta ya zama shi kaɗai ya rage.

Littattafan koyarwa na wannan fanni an rubuta su ne a wuraren da wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ya yankewa, ƙwararre kuma yana iya isowa cikin sa'a guda. A nan dole a juya lissafin. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021 gwamnati ta rufe layukan sadarwa a wasu sassan jihar Kaduna saboda tsaro, har da Birnin Gwari. A Oktoba 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe sama da mako guda babu wutar gwamnati, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da ta sami layin da ke taho da wuta ta jihar Binuwai. Tsakanin garin Birnin Gwari da Kaduna akwai tafiyar sama da kilomita 100, a hanyar da ta yi shekaru ana fargabar bin ta. Wanda zai taɓa uwar garke a irin wannan wuri sai ya tsara aikinsa bisa zaton cewa wuta ko layi zai yanke a tsakiya, kuma babu wanda zai zo ceto a ranar.

Kwafin ajiya

Matakin farko shi ne ƙidaya: me ke cikin na'urar, a ina yake, wa ke amfani da shi. Tsohuwar uwar garke takan tara ayyukan da babu wanda ya rubuta su a ko'ina. Akwai ɗan umarnin da wani ma'aikaci da ya daɗe da barin aiki ya saita yana tura rahoto kowane dare, akwai na'urar ɗab'i da ke bi ta kanta, akwai lasisin wata manhaja da aka ɗaure da lambar wannan na'ura takamaimai. Abin da ba a ƙidaya ba, ba a kwafe shi.

Sai kwafin kansa. Ƙa'idar da ta shahara ita ce ta 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku na bayanan, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Muhimmancin sharaɗi na ƙarshe ya fito ranar 10 ga Maris 2021, da gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin bayanai na kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta Faransa. Abokan cinikin da kwafinsu ke cikin wannan harabar sun rasa asali da kwafi a dare ɗaya. Haka kuma tsarin RAID, inda faifai biyu ko fiye ke ɗauke da abu guda, ba ya tsaya a matsayin kwafin ajiya. Yana kare mutum daga mutuwar faifai ɗaya, amma abin da aka goge bisa kuskure yana gogewa a dukkansu lokaci guda.

Kwafi iri biyu ake buƙata kafin sabuntawa, kuma kowanne da amfaninsa. Na farko hoton faifan ne gaba ɗaya, da babbar manhajar da saituttukanta da komai, wanda manhaja irin Clonezilla ke ɗauka. Shi ne ke mayar da na'urar yadda take jiya idan aiki ya ɓaci. Na biyu bayanan ne zalla, a sigar da sabon zubi zai iya karantawa. A nan rumbun bayanai yana da hukuncinsa na musamman. Idan aka kwafi jakunkunansa yana tsakiyar aiki, ana iya samun kwafin da rabinsa na kafin wani rubutu ne, rabi na bayansa, kuma ba zai buɗu ba. Ko dai a tsayar da rumbun tukuna, ko a yi amfani da kayan aikinsa na fitar da bayanai, wato pg_dump ga PostgreSQL da mysqldump ga MySQL. Idan faifan a kulle yake da BitLocker ko LUKS, mabuɗin ma sai an adana shi a wajen na'urar, domin kwafin da babu mabuɗinsa daidai yake da babu.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kwafin da ba a taɓa mayar da shi kan wata na'ura an buɗe an gani ba, zato ne kawai. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge kusan gigabayit 300 na rumbun bayanansu bisa kuskure. Kamfanin yana da hanyoyin ajiya har biyar, amma da aka neme su babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Ɗaya daga cikinsu ta daɗe da mutuwa ba a sani ba: rumbun yana kan zubi na 9.6, pg_dump ɗin da ke kwafarsa kuma na 9.2 ne, sai ya riƙa faɗuwa, saƙon gargaɗin da yake turawa kuma bai isa wurin kowa ba. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu sa'a shida kafin nan, bayanan waɗannan sa'o'i shida kuwa sun tafi. Darasin ya shafi sabuntawa kai tsaye, domin saɓanin zubi tsakanin rumbu da abin kwafarsa irin matsalar da sabuntawa ke haifarwa ce.

Game da kwafin da za a ajiye nesa, intanet ba koyaushe yake isa ba. Gigabayit 500 a kan layi mai gudun megabit 10 a daƙiƙa zai ci kwana huɗu da rabi ba tsayawa, in ma layin bai yanke ba. Saboda haka faifan hannu da aka kulle da kalmar sirri, aka kai wani gari, yakan fi zama abin dogaro ga babban kwafi, a bar wa intanet ƙananan sauye-sauyen yau da kullum. Kullewar wajibi ce, tunda faifan zai bi hanya. Hukumomin gwamnati suna da zaɓin cibiyoyin bayanai na kamfanin Galaxy Backbone, wanda ke da ɗaya a Abuja, aka kuma buɗe wata a Kano a Janairu 2023.

Wani abin lura: ɗaukar cikakken kwafi yana sa tsohon faifai karanta kowane lungunsa, aikin da wataƙila ya yi shekaru bai yi ba. Faifan da ya sha zafin bazara da ƙurar hunturu yana iya mutuwa a daidai wannan lokaci. Shi ya sa ake fara duba rahoton lafiyarsa na SMART, kuma a fara kwashe bayanan da suka fi muhimmanci kafin a ɗauki hoton faifan duka.

Hanyoyi biyu

Hanya ta farko ita ce a sabunta a kan na'urar da ake aiki da ita. Ta fi arha, ta fi sauri, saituttuka kuma suna nan inda suke. Sai dai tana da iyaka. Ubuntu da Debian ba su yarda a tsallake zubi ba: mai 16.04 da ke son 24.04 sai ya bi ta 18.04, 20.04 da 22.04, kowane mataki da nasa haɗarin. A Windows Server an daɗe ba a wuce tsallake zubi biyu a tashi ɗaya, sai zubin 2025 ne ya karɓi hawa kai tsaye tun daga 2012 R2. Daga manhaja mai bit 32 zuwa mai bit 64 kuwa babu hanyar da masu manhajar suka amince da ita. Mai CentOS 7 yana iya bi ta shirin ELevate na AlmaLinux. A dukkansu babu maɓallin fasawa da za a dogara da shi. MySQL 8.0, alal misali, da zarar ya taɓa jakunkunan 5.7 ba sa komawa, sai dai daga kwafi.

Hanya ta biyu ita ce a kafa sabuwar uwar garke a gefe, a ɗora mata sabon zubi tun daga tushe, a kwaso bayanai a zuba, a gwada har a gamsu, tsohuwar tana ta aikinta ba a taɓa ta ba. Manomi ba ya rushe tsohon rumbu da hatsi a ciki; sabo yake ginawa, ya bushe, sannan ya kwashe. Ga na'urar da ta yi zubi biyu ko fiye a baya, ko wadda ke inda wuta ba ta da tabbas, wannan hanya ce ta dace, ko da za ta ci kuɗin wata na'ura. Kuɗin ma bai kai yadda ake tsoro ba, domin ƙaramin ofis yana iya gwajin a kan kwamfutar tebur mai ƙarfi, ko a kan kwamfutar da ake ƙirƙira cikin wata kwamfutar ta amfani da Proxmox, Hyper-V ko VirtualBox. Ga uwar garken Windows da ke riƙe da sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu, shawarar Microsoft kansa ita ce a kafa sabuwa, a miƙa mata ragama, sannan a sauke tsohuwar.

Akwai manhajojin da ba za su taɓa tashi a sabon zubi ba, kamar wadda aka rubuta da tsohon harshen PHP mai amfani da umarnan da aka cire tun zubi na 7, ko da Python 2 da aka daina kula da shi a farkon 2020, wanda ya rubuta ta kuma ba a san inda yake ba. Abin da ake yi shi ne a mayar da tsohuwar na'urar ta zama kwamfutar cikin kwamfuta, a raba ta da intanet, a bar ta tana aiki a killace har a sami madadi. Wannan jinkiri ne, matsalar tana nan.

Asarar da ba a gani nan take

Na'urar da ta ƙi tashi kowa ya ga matsalarta, a ranar za a nemi kwafi. Wadda ta fi cutarwa ita ce sabuntawar da ta yi kamar ta yi nasara, alhali bayanai sun gurɓata a ciki, ba za a farga ba sai bayan watanni, lokacin da tsofaffin kwafi sun riga sun shuɗe.

Misalin da ya fi shafar masu rubutu da Hausa shi ne na haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tsohon tsarin haruffa na latin1, wanda MySQL ke ɗauka da kansa har zuwa zubi na 5.7, bai san su ba. Manhajoji da yawa sun yi shekaru suna cusa rubutun UTF-8 cikin rumbun da aka saita a latin1, kuma komai na fitowa daidai a allo, saboda kuskuren shiga da na fita suna soke juna. Ranar da aka ƙaura zuwa zubi na 8.0, wanda ke ɗaukar utf8mb4, sai asiri ya tonu: ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—. Wannan yana gyaruwa in an gane shi da wuri. Wanda ba ya gyaruwa shi ne inda aka juya rubutun zuwa tsarin da bai san harafin ba, ya maye gurbinsa da alamar tambaya. Ɗanladi ya zama ?anladi, kuma babu abin da ya rage a rumbun da zai nuna harafin da ke wurin. Mai neman sunan a rajista ba zai same shi ba, sai ya buɗe masa sabon kati, tarihin jinyarsa ya rabu biyu. Gwajin mai sauƙi ne: kafin ƙaura a zaɓi sunaye da garuruwa masu waɗannan haruffa, bayan ƙaura a neme su ɗaya bayan ɗaya. Dangin wannan matsala ita ce ta takardun da aka buga da tsofaffin salon rubutu irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ɗora haruffan Hausa a gurbin wasu alamomi; in salon bai bi takardar zuwa sabuwar na'ura ba, sai a ga }asa da ]aya a maimakon ƙasa da ɗaya.

Misali na biyu ya fi wannan ɓuya. PostgreSQL yana gina fihirisa don saurin nemo rubutu, kuma wajen jera kalmomi yakan dogara da ƙa'idar jerin haruffa ta babbar manhaja. A 2018 aka yi wa wannan ƙa'ida babban sauyi a zubi na 2.28 na glibc, ɗakin umarnan da kusan kowace Linux ke amfani da shi. Duk wanda ya tashi daga Ubuntu 18.04 zuwa 20.04, ko Debian 9 zuwa 10, ko CentOS 7 zuwa magadansa, ya tsallaka wannan iyaka. Idan jakunkunan rumbun aka ɗauko yadda suke, fihirisar tana jere bisa tsohuwar ƙa'ida, ana kuma bincikenta da sabuwa. Sakamakon shi ne a nemi bayanin da ke nan a ce babu shi, ko rumbun ya karɓi lamba ɗaya sau biyu a inda aka hana maimaici. Maganin shi ne a sake gina duk fihirisar rubutu da umarnin REINDEX kafin a buɗe wa jama'a, ko a zuba bayanan daga abin da pg_dump ya fitar, wanda ke gina fihirisa sabuwa. Daga zubi na 15 PostgreSQL yana gargaɗi idan ya ga saɓanin. Waɗanda suka gabace shi galibi shiru suke yi.

Sauran tarkunan ƙanana ne amma suna tsayar da aiki. Izinin mallakar jakunkuna yana rikicewa idan lambobin masu amfani a sabuwar na'ura ba su dace da na tsohuwa ba. Sunan katin sadarwa yana sauyawa, na'ura ta tashi amma ba ta ga kowa. Tsohuwar na'urar sikanin da ke ajiye takardu ta hanyar SMB1 takan daina aiki, domin sababbin zubi sun kashe wannan hanya, wadda ita ce WannaCry ta bi. Agogon na'ura in aka bar shi a lokacin Landan na hunturu maimakon na Najeriya, abin da aka rubuta jim kaɗan bayan sha biyun dare sai ya faɗa lissafin jiya.

Ranar ƙaura

Ana zaɓar lokacin da aiki ya yi sauƙi, a sanar da masu amfani tun da wuri. Ƙarshen wata, lokacin albashi da tattara rahoto, bai dace ba. Babban kwafin an riga an zuba shi a sabuwar na'ura kwanaki kafin nan. A ranar sai a hana rubutu a tsohuwar, a kwaso abin da ya ƙaru kawai, aikin da rsync ke yi a Linux, robocopy kuma a Windows. Daga nan a gwada: adadin jakunkuna, adadin layukan kowane jadawali a rumbu, da lambar tantancewa ta SHA-256, wadda ke sauyawa ko da harafi ɗaya ne ya bambanta. Gwaji na ƙarshe na ma'aikatan da ke amfani da bayanan ne. Akawu da mai rajista su suka san yadda lissafin watan jiya ya kamata ya kasance, kuma sukan ga abin da injiniya bai gani ba. Muddin ana wannan aiki, a koma rajistar takarda, a shigar daga baya.

Wuta ita ce babbar barazana ga mai sabuntawa a kan na'urar da ake aiki da ita. In ta ɗauke ana tsakiyar sauya manhajoji, na'urar na iya tsayawa rabi tsohuwa rabi sabuwa, ta ƙi tashi. Batiran UPS da suka tsufa sukan nuna a cike suke, su mutu cikin minti kaɗan, don haka a gwada su da nauyin na'urar a kansu, a tayar da janareta tun kafin a fara, kada a jira sai wuta ta tafi. A kuma sauko da duk manhajojin da za a ɗora tun da wuri, yadda yankewar intanet ba za ta tsayar da aiki ba. Mai aiki daga nesa, a ce daga Kaduna ko Zariya, ya gudanar da umarnin cikin tmux ko screen don ya ci gaba ko layinsa ya katse. Ubuntu ma yana buɗe ƙofa ta biyu a lamba 1022 saboda irin wannan. Duk da haka sai an sami mutum a gaban na'urar wanda zai iya karanto abin da ke allo ta waya.

Tun kafin a fara ake rubuta sharaɗin fasawa: idan ƙarfe kaza ya yi abu kaza bai yi aiki ba, a koma tsohuwa. Dalilin shi ne, da zarar an fara shigar da sababbin bayanai a sabuwar na'ura, komawa baya na nufin rasa su ko sake shigar da su da hannu. Bankin TSB na Birtaniya ya ƙaurar da bayanan abokan ciniki sama da miliyan 5 zuwa sabon tsari a Afrilu 2018. Bayanan sun isa lafiya, amma tsarin ya kasa ɗaukar nauyin jama'a, mutane da yawa suka kasa taɓa kuɗinsu, abubuwa ba su daidaita ba sai a Disamba, kuma a 2022 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. A Najeriya ma an ɗanɗani irin wannan a 2024, lokacin da bankuna irin su Sterling, Zenith da GTBank suka sauya manhajar da ke riƙe da asusunsu, masu ajiya suka yi kwanaki suna fama da tura kuɗi. Bayanan da ke nan amma mai su bai iya kai wa gare su a ranar da yake buƙata, a wurinsa asara ce.

Bayan ƙaura

Tsohuwar na'ura ba a goge ta nan da nan. A kashe ta, a cire ta daga layi, a ajiye ta yadda take har sai an ga zagayowar aiki cikakke a kan sabuwar: albashin wata, rahoton wata uku, ko zangon karatu guda. A daren farko a tabbatar sabuwar ta ɗauki nata kwafin, a kuma mayar da shi a wata na'ura a gani, domin tsarin kwafi yana cikin abubuwan da sabuntawa ta fi karyawa. A rubuta abin da aka yi, da inda mabuɗai suke, da ranar da wa'adin sabon zubin zai ƙare, a ajiye a ofis inda wanda zai gaji aikin zai samu.

Idan lokacin rabuwa da tsohuwar ya yi, faifanta na ɗauke da sunaye da lambobin waya da sirrin rashin lafiyar mutane. Yi masa fomat na sauri ba ya share su, manhajojin kyauta ma suna dawo da su. Faifai mai juyawa ana bin sa da rubutu daga farko har ƙarshe, na SSD ana amfani da umarnin sharewa da ke cikinsa, wanda ya lalace kuwa a huda shi ko a farfasa kafin ya fita daga ofis zuwa hannun 'yan gwangwan.